Keken Phoenix da altanetar mota: wutar da ƙafa za ta iya bayarwa

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Unguwar Rogo a nan Jos. Wani lokaci sai mu kwana biyu ba a kawo wuta ba, kuɗin fetur kuma ya fi ƙarfina, balle in yi zancen janareta. Akwai tsohon keken mahaifinmu, Phoenix, a jingine a zaure, wani abokina kuma ya ce zai ba ni altanetar mota kyauta. In na haɗa su, zan samu wutar da za ta yi mini cajin waya da kwamfuta, ta kunna fitila da fanka, ko ma dutsen guga? Me zan saya, kuma ta ina zan fara?"

Barka kadai, ƙanena. Abin da kake son sani shi ne ko ƙarfin ƙafar mutum, in aka bi da shi ta kan keke, zai riƙe ɗakinka ranar da ba a kawo wuta ba, da kuma ko altanetar da aka yi maka alkawari, wato injin da ke cajin batirin mota, ita ce ta dace da aikin. Keke yana ba da wuta, wannan babu tantama, na haɗa da hannuna na ga fitila ta kama. Sai dai wutar ba ta kai yadda yawancin masu tambaya suke zato ba, altanetar mota kuwa, ko da kyauta ce, wahala za ta ba ka fiye da wuta. Na daɗe ina aikin rewaya kafin in koma haɗa sola, don haka abin da zan gaya maka a kan mita na gan shi.

Daga ina wutar take fitowa

Ka duba keken mahaifinku da kyau, wataƙila har yanzu akwai dainamo a jikinsa, ƙarfen nan mai kama da ƙaramar kwalba da ake kwantar da kansa a gefen taya. Ana tafiya fitila tana haske, an tsaya ta mutu. Wannan dainamo bolt 6 yake bayarwa, wat 3. A cikinsa maganaɗisu ne yake juyawa kusa da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, juyawar ce take sa wuta ta gudana a cikin wayar. Michael Faraday ne ya gano haka a Ingila a 1831, kuma har gobe a kan wannan ake tafiya. Injinan Kurra Falls na kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 don ba wa masu haƙar kuza wuta a nan Filato, ruwa ne yake juya su. Ƙaramin janaretan maƙwabcinka fetur ne yake juya shi. A naka kuwa, cinyarka ce ruwan, ita ce fetur ɗin.

Injin ba ya ƙirƙiro ƙarfi daga babu. Abin da ka zuba masa shi yake mayarwa wuta, kuma ba duka ba, sai ya ci rabonsa. Shi ya sa in kana tuƙawa aka kunna fitila, nan take za ka ji feda ta ƙara nauyi. Yaran shagona sun fi gane darasin nan da ƙafarsu fiye da duk bayanin da na taɓa yi musu da baki.

Lissafin ƙafa

Wat shi ne ƙarfin gudun wuta, kamar yadda famfo yake zuba, wat-awa kuma shi ne abin da ya taru a bokiti bayan awa guda. Mutum mai lafiya wanda ba ɗan tseren keke ba zai iya riƙe wat 50 zuwa 100 na tsawon awa ɗaya. 'Yan tsere na haƙiƙa suna riƙe wat 300 ko fiye, amma su aikinsu ke nan, kuma da shi suke ci. A minti na farko kowa zai nuna maka wat 200, sai ka dawo bayan minti goma ka sake duba mita. Mu ɗauka kai matashi ne mai jini a jika, kana riƙe wat 75. Bel zai ci nasa, injin zai ci nasa ya mayar zafi, dayod, wato ƙofar wuta mai buɗewa gefe ɗaya, zai ci, batir ma ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa. In aikin ya yi kyau, abin da za ka mora daga awa ɗaya na tuƙi bai wuce wat-awa 40 zuwa 50 ba.

Yanzu kawo kayanka mu auna. Batirin wayar hannu mai 5,000 mAh yana ɗaukar kusan wat-awa 19, wato awa ɗaya a kan keke za ta cika waya biyu. Ƙwan fitila na LED mai wat 5 zai yi maka awa takwas zuwa goma, dare guda ke nan na karatu har da saura. Kwamfutar tafi-da-gidanka batirinta yakan kama daga wat-awa 40 zuwa 50, to kusan caji ɗaya. Fankar da ke aiki da batir, mai wat 15, za ta yi awa uku. Amma fa ba dukansu a lokaci guda ba: awa ɗayar nan ita za ka raba, in waya ta ci, fitila ta rage.

Dutsen guga kuwa ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Wat 1,000 yake ci, sai an jera maza fiye da goma a kan kekuna suna tuƙi tare kafin ya yi zafi. Haka hita, haka abin dafa ruwa, haka firiji. Duk abin da aikinsa dumama ko sanyaya abu ne ya fi ƙarfin ƙafa, dutsen gawayi ya fi maka. Yunit ɗaya tak da mitar gidanku take cinyewa, wat-awa 1,000 ne, wato sama da awa ashirin kana kan sirdi. Kuma kada ka ɗauka wutar kyauta ce. Jikin mutum kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ya ci yake mayarwa aiki, awa ɗaya a wat 75 tana ƙone kalori kamar 300, za ka sauko da yunwa. Ga ɗalibin da ke lissafin garin kwaki, wannan ma kuɗi ne.

Ban faɗi wannan don in kashe maka gwiwa ba. Waya da fitila su ne suka fi damun ɗalibi, kuma su ne keke ya fi iyawa.

Dalilin da ya sa ban son altaneta

Altanetar mota ba ta da maganaɗisu na dindindin a cikinta. Abin da ke juyawa a tsakiyarta naɗin waya ne, sai an ba shi wuta daga batir kafin ya zama maganaɗisu, kuma yakan sha amfiya 3 zuwa 4, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya. In aka ninka da bolt 12, wannan ya kai wat 40 ko kusa da 50. Ga injin mota wannan ba komai ba ne, ko ji ba ya yi. Ga mai wat 75 kuwa, rabin guminsa ya tafi kafin a fara zancen caji. Ragowar ma ba duka za ta fito ba, don altaneta kusan rabin ƙarfin da aka ba ta take mayarwa wuta. Sannan ba ta fara bayarwa sai ta wuce juyi 1,000 a minti, kuma na'urar daidaita wutar da ke cikinta ba ta san ƙafa ce ke juya ta ba: tana ganin batir ya yi ƙasa za ta nemi ta tura masa duk abin da yake so.

Na farko da muka haɗa a shago da altaneta muka yi, don ita ce a hannu. Yarona mafi ƙarfi ya hau, ƙafar baya tana ta gudu ba nauyi, yana murmushi. Ina taɓa wayar da ke ba wa naɗin wuta sai na ga kafaɗunsa sun sauka, ya miƙe tsaye a kan feda kamar mai hawan Hawan Kibo da buhun dankali a kariya. Allurar mita ta ɗaga, ta yi rawa, ta koma. Bai kai minti biyar ba ya sauko yana haki, rigarsa sharkaf, ga shi lokacin sanyin Disamba ne. Da muka auna batir, abin da naɗin ya sha a lokutan da gudu ya ragu ya kusa cinye abin da ya shiga.

Duk da haka ka karɓi kyautar, ka yi godiya. Za ka iya kai ta wurin masu rewaya ka sayar ko ku yi musaya, kuɗin ya tafi wurin injin da ya dace. Kuma a cikinta akwai farantin dayod guda shida, wanda zai iya yi maka amfani kamar yadda zan faɗa a ƙasa.

Injin da za ka nema

Abin da kake buƙata shi ne motar DC, wato injin lantarki ba motar hawa ba, mai maganaɗisu na dindindin, irin wadda in ka ba ta wuta ta juya, in ka juya ta ta ba da wuta. Wadda na fi jin daɗin aiki da ita ita ce ta ƙaramin babur mai batir, bolt 24, wat 250. Akwai ta injin gudun motsa jiki, irin wanda ake taka bel a tsaye wuri ɗaya, tana da kyau ƙwarai, amma da yake an yi ta don bolt mai yawa, ko a gudu kaɗan tana kai bolt 14, in ka saki ƙafa kuwa sai ta wuce da nisa, sai an kula. Motar fankar lagireto ta babbar mota mai bolt 24 ma tana yi. Ƙa'idar da nake bi ita ce bolt ɗin da aka rubuta a jikin motar ya ninka na batirinka, don mai bolt 12 sai ta kai iyakar gudunta kafin ta ba da 12, batir kuwa yana son 14 da ɗoriya kafin ya karɓi caji.

Kada ka sayi motar waifa, giyar da ke cikinta ba ta yarda a juya ta ta baya. Kada ka ɓata kuɗi a kan motar fankar silin ko ta famfon ruwa, babu maganaɗisu a cikinsu. In ka ci karo da tayar abin wasan yaran nan mai ƙafa biyu da ake tsayawa a kai, wadda motarta ke cikin tayar, ka ɗauka. Manyan wayoyi uku ne suke fitowa daga cikinta, kuma a nan ne farantin dayod na altanetar abokinka zai shigo, shi zai mayar da wutar ta zama irin ta batir.

Ka zaga Dilimi da wuraren bakanikai na Farin Gada da wajen 'yan gwangwan, amma kada ka tafi ba mita a aljihu. Ka ɗora sukundireba a jikin motar, in akwai maganaɗisu sau da yawa za ka ji tana ɗan ja. Ka haɗa mita da wayoyinta biyu ka murza sandar da yatsa, lamba ta motsa. Sannan ka haɗa bakin wayoyin biyu da juna ka sake murzawa: in ta yi tauri, lafiyarta ƙalau, in tana juyawa sakayau kamar da, ajiye musu kayansu.

Gindi, bel da lissafin juyi

Kafin komai ka nemi izinin Baba, kuma ka gaya wa mai walda kada wutarsa ta taɓa jikin keken. Gindi daban za a yi da ƙarfe mai kusurwa, mai faɗi don kada ya riƙa rawa, ya ɗaga ƙafar baya daga ƙasa kamar yatsa uku, a ɗaure ta da notocin sandar tsakiya. Ranar da aka so keken, a kwance noti biyu a mayar da taya, shi ke nan.

Hanya biyu ake haɗa ƙafar da mota. Ta farko a sa wa motar ɗan gungurin ƙarfe ya riƙa gogar taya, kamar dainamo. Tana da sauƙi, amma tana da ƙara, tana zamewa, tana cin taya. Wadda muka gwada haka, bayan mako guda baƙin garin roba ne ya taru a ƙasa kamar an zubar da toka. Ta biyu, wadda nake ba ka shawara, a cire taya da tif, a naɗe kawunan sifok da tsohuwar roba, a zagaya dogon bel a cikin kwarin rim ɗin ya tafi kan fulin motar, wato ɗan faifan da bel yake hawa a bakin sandarta. Irin bel ɗin injin markaɗe ne, ka auna da igiya ka tafi da ita kasuwa. Ka sa a yi wa mazaunin motar dogayen ramukan noti yadda za ka iya ja da ita baya ka ɗaure bel. In ya yi sako-sako zai zame, in ya yi tsauri da yawa zai ci boris ya ci ƙafarka. Ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya ɗan lotsa kamar santimita ɗaya.

Girman fulin shi ne zuciyar aikin, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Mutum yana jin daɗin tuƙi a juyi 60 a minti, wato zagaye ɗaya a daƙiƙa. A ce babban farantin kaca yana da haƙora 44, na baya 18, to duk zagayen feda ɗaya ƙafar baya tana yin kusan biyu da rabi, juyi 147 ke nan a minti. Rim ɗin babban keke irin Phoenix faɗinsa kamar santimita 63 ne. In fulin motar santimita 5 ne, an ninka gudun sau goma sha biyu da ɗoriya, motar za ta yi juyi kusan 1,850. Motar babur mai bolt 24 da aka rubuta mata juyi 2,700 tana ba da bolt ɗaya a duk juyi 112, saboda haka za ka samu bolt 16 da rabi in ba a ɗora mata kaya ba. Daidai ke nan, don da zarar ta haɗu da batir zai ja ta ƙasa zuwa 13 ko 14. Da ka sa fuli mai santimita 8, bolt 10 za ka samu, ka yi ta tuƙi har la'asar batir bai karɓi komai ba. Ka ƙirga haƙoran kekenka da kanka, ba duka ne iri ɗaya ba.

Wayoyi da batir

Ka fara tuƙawa da mita a bakin motar ka gane wace waya ce mai kyau (+) wace ce ta ƙasa (-), don gefen da take juyawa shi ke yanke wannan, ba launin waya ba. Daga mai kyau ɗin sai dayod, wanda zai ɗauki amfiya 15 ko 20, a ɗaure shi a kan ɗan farantin alminiyam don yana zafi. Dayod ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya. In babu shi, kana tsayawa batir zai mayar da wuta cikin motar. Na taɓa ganin wani yaro ya tsallake shi don sauri, yana sauka daga keke ƙafar baya ta ci gaba da gudu ita kaɗai, ba kowa a kai, wutar da ya tara tana komawa ta inda ta fito. Bayan dayod sai fiyus mai amfiya 15, dab da kan batir, wannan kada ka yi wasa da shi, batir in wayoyinsa suka haɗu yana narka waya ya tayar da gobara. Wayar ta kasance mai kauri, milimita 2.5 ko 4, kuma gajeriya.

Za ka riƙa tura amfiya 4 zuwa 6. Ƙaramin batirin nan mai 7Ah (amfiya-awa, ma'aunin girman batir) da na babur ba sa son fiye da amfiya 2, za su yi zafi su kumbura. Nemi irin na sola, daga 18Ah zuwa 40Ah. Batirin mota zai yi na ɗan lokaci, amma ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi kullum ba, yana saurin mutuwa. Ka ɗaura ƙaramar mitar bolt a kan keken inda idonka zai riƙa gani: in ta kai 14.4 ka rage gudu ko ka sauka. In batir ya huta, 12.7 cike yake, 12.2 rabi ne, kada ka bari ya sauka ƙasa da 12. Wasu suna sa kwantirolar sola a tsakani. Tana aiki, amma ka sani in batir ya cika yanke layi take yi farat ɗaya, feda ta saki, bolt ɗin motar ya yi tsalle, ya iya ƙone ta. Ni na fi yarda da mita da ido. In batirin mai ruwa ne, a yi caji inda iska ke shiga, nesa da kyandir da risho, don yana fitar da iska mai kama wuta. Batirin litiyam kuwa kada ka haɗa shi kai-tsaye da mota ko da wasa, sai da allon kariyarsa da caja ta musamman.

Wayarka kada ta taɓa haɗuwa da motar kai-tsaye, wutar tana hawa tana sauka da ƙafarka. Daga batir za ka ɗauka, ta cajar mota mai ramin USB. Fitila ka sayi mai bolt 12, kwamfuta ma akwai cajarta ta mota. Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, tana cin nata ko ba a kunna komai ba, mai wat-awa 50 ba shi da rarar da zai ciyar da ita. Kada kuma ka haɗa wannan da wayoyin gida. Sannan gidan da ke da yara, a rufe kaca da bel da langa-langa ko katako, don yatsan yaro da sifok mai gudu ba sa haɗuwa lafiya, kai ma ban da hawa da doguwar riga.

Keke ko sola

Gaskiyar da zan gaya wa ƙanena na ciki ɗaya ita ce, in kuɗin abu ɗaya gare ka, farantin sola ya fi. Mai wat 50 a rana mai kyau yana tara kusan wat-awa 200, aikin awa huɗu ke nan a kan keke, kana aji yana yi maka. Batirin da fitilar da cajar duk iri ɗaya ne, saboda haka abin da ka saya don keke ba asara ba ne in ka samu halin sola daga baya. Inda keke yake da rana shi ne Yuli da Agusta, lokacin da hadari yake rufe Jos kwana da kwanaki faranti yana ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da kuma tsakar dare lokacin jarrabawa in batir ya yi ƙasa. Ba shi da hayaƙin janareta da yake kashe mutane a ɗaki, ba ya hana maƙwabta barci. Kuma sanyin garin nan yana taimaka maka, minti talatin da asuba bayan salla, talatin da yamma, ya fi sauƙi a nan fiye da a Abuja. In kuna da yawa a gida ku yi karɓa-karɓa, kowa minti goma sha biyar, wanda ya tuƙa shi ke da layin caji.

Lambobin da na ba ka na motar babur ne da keke mai haƙora 44 da 18, ban ga naka ba, kuma ƙarfin ƙafa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya tambayi likita kafin ya mayar da wannan aikin kullum. Farashi ban sa ba da gangan, don yana sauyawa kafin mako ya zagayo. Ka fara da neman motar, kada ka kai wa mai walda ko sisi sai tana hannunka, don ita za ta faɗi girman fuli, fuli kuma ya faɗi tsawon bel da na gindi. In ka same ta, ka rubuto mini abin da ke jikin takardarta, bolt da wat da juyi, tare da adadin haƙoran gaba da na baya, in fitar maka da girman fulin da za ka kai wa mai injin gyaran ƙarfe.